Ƙwallon Baba Ya Tsaya

Kafin wata ta rubuto min cewa ba ni da kirki, bari in riga ta: na sani. Ku dai ji yadda aka yi tukuna, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ni malamar fiziks ce a makarantar sakandare, shekarata ashirin da tara, kuma ni ce auta, ni kaɗai na rage a gida. Umma ba ta barin in manta da shekarun nan ko na yini ɗaya. Babana mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in yana zaune a shago ɗaya da gilashi maƙale a ido, har hannunsa ya fara rawa. Ranar da ya kasa mayar da allurar wani agogo mazauninta, ya rufe shagon, ya kwaso kayan aikinsa ya zuba a ɗakin baya. A ɗakin nan ya ƙera abin da duk gidanmu muke kira Gangara.

Teburi ne na katako. A kansa Baba ya lanƙwasa ƙarfen labule na alminiyom ya yi hanya mai zagaye, a gefe ɗaya hanyar ta ɗan yi tudu. Dama da hagu na tudun ya jera maganaɗisun da ya ciro daga tsofaffin lasifikoki, daga ƙasa sun buɗe, suna matsowa kusa da juna har zuwa sama. In ka ajiye ƙwallon ƙarfe, irin na cikin boris ɗin keke, a gindin tudun ka saki, sai ya hau da kansa, ya kai ƙoli, ya faɗa ɗaya ɓangaren. Wannan kam gaskiya ne, na gani da idona ya fi sau dubu. Burin Baba shi ne ƙwallon ya gangaro, ya zagayo, ya sake hawa, haka har abada, ba wuta, ba mai, ba hannun kowa.

Ba zai yiwu ba. Abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan duk shekara. Ƙarfin da maganaɗisu ya ba ƙwallo wajen hawa, shi yake ƙwacewa wajen fita: ya ja ka ka zo, in za ka tafi ya riƙe maka riga. Na faɗa wa Baba sau ɗaya, tun farkon aikin. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Uwata, littafin naku ba mutum ne ya rubuta shi ba?"

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Daga ranar na ja bakina na yi shiru.

Shekara uku yana fama. Ya goge nan, ya cusa gutsuren kwali a can, ya matsar da maganaɗisu da faɗin farce. Kullum ƙwallon wuri ɗaya yake tsayawa, saura taƙi ɗaya ya kai gindin tudun, ya yi gaba, ya yi baya, ya kwanta. Wata biyu da suka wuce Baba ya ɗauko tsohon zanen gado ya rufe teburin. Ya dawo falo ya zauna. Shayi ya huce a gabansa, abinci a kawo a mayar. Sai da Umma ta huda wa bel ɗinsa sabon rami. Wata rana na dawo daga makaranta na durƙusa na gaishe shi, bai amsa gaisuwar ba, sai ya ce, "Hannu ya tafi, ashe kan ma ya bi shi."

Maganar nan ce ta sa na yi abin da na yi. Ba uzuri nake nema ba, dalili nake faɗa muku.

Ranar Talata Umma ta kai shi ganin likitan ido. Na bar makaranta da wuri, a jakata akwai wayar tagulla da na naɗe a jikin ƙusa mai kauri, da ɗan makunni mai jin wucewar ƙwallo, da batir huɗu. Na shiga ƙarƙashin teburin da doguwar rigata ta aiki, na ɗaura su daidai wurin da ƙwallon yake tsayawa, na rufe da siririn katako mai kalar teburin. In ƙwallon ya iso, naɗin wayar ya ɗan fizge shi gaba ya sake shi. Yana yin ƙara kaɗan, ƙas, amma gurzar ƙwallon a kan alminiyom tana rufe ta, ga shi kunnen Baba ya yi nauyi.

Washegari na ce masa, "Baba, ka taɓa gwada matso da maganaɗisu na ƙarshe ciki kaɗan?"

Ya ce ya gwada sau ɗari. Na ce ya ƙara na ɗari da ɗaya saboda ni. Ya tashi da ƙyar, ya yaye zanen, ya matsar, ya ajiye ƙwallo. Ya hau, ya faɗa, ya zagayo, ya sake hawa. Baba ya ƙirga har arba'in leɓensa na motsi. Ya cire hularsa ya sake sawa. Sannan ya leƙa waje ya ce, "Wai gidan nan ba a dafa komai ba ne yau?" Faranti biyu ya cinye. Na shiga banɗaki na yi kuka, na murna ne ko na tsoro, har yau ban rarrabe ba.

Tun daga nan duk kwana biyu nake canza batir idan ya fita masallaci. Shi kuma ya kafa doka: ba mai shiga ɗakin da ƙarfe a jiki. Ya ajiye tire a bakin ƙofa, makulli, waya, agogo, duk nan ake zubewa, wai ƙarfe yana sace wa maganaɗisu ƙarfi.

Yanzu bari in kawo muku Dogo. Haka kowa yake ce masa, kuma in kun gan shi ba za ku tambayi dalili ba. Sana'arsa naɗa wayar injinan da suka ƙone, fanka, injin famfo, injin niƙa. Injin ruwan makarantarmu ne ya ƙone aka kira shi, ni aka sa in buɗe masa ɗakin injin. Wata shida ke nan. Ba shi da yawan magana, in ya rubuto saƙo layi ɗaya ne, wani lokacin rabin layi. Ina son sa. Na faɗa a fili don kada ku ce ban damu ba.

Kafin shi mutum biyu sun zo gaishe da Baba. Na farko ya yi wa Gangara dariya, Baba da kansa ya raka shi har bakin titi. Na biyu ya amsa waya Baba na tsakiyar bayani. Shi ya sa da Baba ya ce Dogo ya zo ranar Asabar, Umma ta same ni a kicin ta rufo ƙofa.

"Ɗakin nan ya cinye min surukai biyu. Wannan in ya kuɓuce, ke da Gangarar ku je ku auri juna."

"Umma, ni me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, shi ne matsalar. Ki ja masa kunne. Ya yaba, ya yi shiru, ya fito."

Umma ba ta san da batir ba. Ba wanda ya sani. Da safiyar Asabar na ɗauki waya na rubuta wa Dogo:

"Baba zai nuna maka wani abu da ya ƙera. Don Allah duk abin da ka gani ka yaba kawai."

"In abin yabo ne."

"Dogo."

"To. Zan zo bayan la'asar."

Na rubuta masa gaskiyar sau biyu ina gogewa. Kunya nake ji. Mutumin da yake cewa abin da ya fi so a wurina shi ne ba na kwana-kwana, ta ina zan fara?

Ranar ce ranar canza batir. Sai dai Baba ya tayar da ƙwallon tun ƙarfe takwas na safe, wai yana so baƙo ya tarar da shi ya yi yini yana tafiya, kuma ya ƙi barin ɗakin. A nan ya shimfiɗa darduma ya yi azahar, a nan ya ci abinci. Sau uku ina leƙawa da dabaru. Na ce ko zai fita ya sha iska, ya ce iskar nan ta ishe shi. Na ce Umma na kiransa, ya ce ta san hanya. Umma kuwa ta sa ni gaba da maganar kaya: in cire rigar nan ruwan toka, wai na yi kama da mai zuwa sa ido a jarrabawa, in sa doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, da mayafin da Yaya ta bar min. 'Yan kunne ma sai da ta canza min sau biyu, na ce mata ai a tire za su ƙare.

Dogo ya iso da farar riga wadda ta sha guga, ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar falo. Ya wanke hannu har ya yi fari, amma siririn baƙin nan na gefen farce yana nan. Na ga Baba ya kalli hannun, ya gyaɗa kai. Bayan gaisuwa ya ce, "Taso ka ga wani abu. Uwata, ke ma zo."

A bakin ƙofa Baba ya faɗi doka. Dogo ya zube makulli, waya da agogo a tire, ni na cire 'yan kunne. Muka shiga. Ƙwallon na ta zagayensa, amma ni da na san shi na ga ya rage hanzari.

Baba ya yi bayani tun daga lasifikar farko. Dogo bai katse shi ba ko sau ɗaya. Ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da hanyar ƙwallon, ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan lanƙwasar da hannu ka yi ta?"

"Da hannu. Da wannan hannun mai rawa."

"Ba ta da gargada ko kaɗan. Ni ba zan iya ba."

Baba ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Na ce a raina, shi ke nan, tashi mu fita.

"Tun yaushe yake tafiya?"

"Tun takwas na safe."

Dogo ya karkata kai gefe. Na san wannan karkatarwar. Masu aikinsa ba sa yarda da ido kaɗai, sai sun saurari inji. Suna ɗora bakin sukudireba a jikinsa, su manna mariƙin a kunne, duk abin da ke motsi a ciki sai sun ji. Hannunsa ya tafi aljihun gaban riga da kansa, ya zaro 'yar ƙaramar sukudireba, wadda na tabbata bai ma san da ita ya shigo ba. Ya ɗora bakinta a gefen teburin, ya kai kunne.

Ƙwallon ya wuce wurin sau ɗaya. Ya wuce sau biyu. A na uku Dogo ya ɗago ido, bai kalli Baba ba, ni ya kalla. Ba fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai, kuma fuskata ta ba shi amsa.

A zagaye na biyar ƙwallon ya iso tsohon wurinsa, saura taƙi ɗaya. Ya yi gaba, ya yi baya, ya kwanta.

Baba ya kalli ƙwallon, ya kalli hannun Dogo.

"Mene ne wannan a hannunka?"

"Sukudireba ce, Baba."

"Ta roba ce?"

"Ta ƙarfe ce."

"Na faɗa maka dokar ɗakin nan ko ban faɗa ba?"

Dogo ya miƙe, ya sunkuyar da kai. "Ka faɗa, Baba. Na manta da ita a aljihu. Wannan laifina ne, ka yi haƙuri."

Baba ya ɗauki ƙwallon ya mayar gindin tudu. Ya hau, ya faɗa, ya zagayo, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. A na uku hannunsa na rawa har ƙwallon ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera, ba wanda ya sunkuya ɗaukowa.

"Shekara uku," in ji Baba, a hankali. Sannan ya juyo gare ni. "Uwata, ke kika yi karatun. Faɗa min. Ƙarfen nan nasa zai iya lalata jerin?"

Ga inda nake so ku tsaya tare da ni. A gabana ga tsohon da ya koma cin faranti biyu saboda ƙaryata. A gefena ga mutumin da bai yi komai ba sai sauraro. Amsar gaskiya kalma ɗaya ce, a'a, kowane ɗalibina na aji ɗaya ya san ta. Amma bayan a'a akwai wata tambayar, kuma na san ta. Na ji tsoro, tsoro tsagwaronsa. Na kalli ƙasa.

"Yana iya yiwuwa, Baba."

Ban ga fuskar Dogo ba, ƙafarsa na gani, ya ɗan ja ta baya.

"Ɗauki kayanka a tire," in ji Baba. "Doka ɗaya na ba ka a ɗakina, ka kasa riƙewa na minti goma. Ba zan ba ka abin da ya fi teburin nan ba."

"To, Baba. Na gode da ka nuna min."

Ya fita. A baranda ya yi kiciɓis da Umma ɗauke da shayi da kofuna uku. Ya gaishe ta ya wuce. Ta tsaya da tiren a hannu har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, sannan ta shigo ɗakina ta dire shi a kan gado.

"Na uku ke nan."

"Umma..."

"Ba na ce ki ja masa kunne ba? Mutum kamar sandar wutar lantarki, a ce ya kasa laluba aljihunsa? Kuma ke, da ya tambaye ki, ba sai ki ce a'a ba, ko da ƙarya ne? Wace irin gaskiya ce ke cin ki haka?"

Kun ji fa. Gaskiya ce wai take cin na. Na kasa dariya, na kasa kuka. Da ta fita na cire mayafin na ɗauki waya.

"Ka yi haƙuri."

Ya karanta nan take, amma sai da na kalli alamar rubutu ta zo ta tafi sau uku kafin amsa ta shigo.

"Aikin da tsafta. Da ƙyar na ji shi. Batir ne ya ƙare, ba sukudireba ba."

"Na sani."

"Na san kin sani."

Sai ga wani, mafi tsawon saƙon da ya taɓa turo min:

"Mantuwar sukudireba tawa ce, ita na amsa. Sauran ba zan kai masa ba, ba maganata ba ce. Amma ba zan dawo in roƙi gafarar abin da ban yi ba. Korar ba ta dame ni ba, tsoho ne, aikinsa yake karewa. Amsarki ta 'yana iya yiwuwa' ɗin nan ce ta tsaya min a rai."

Na rubuta masa labarin bel, da shayin da ke hucewa, da faranti biyu. Ya amsa, "Na gane dalilin batir." Bai ƙara komai ba, ni kuma na gane abin da bai gane dalilinsa ba.

Ku san halin ɗan Adam. Duk da haka dabara na fara saƙawa. Sababbin batir huɗu na nan a aljihun jakata. In Baba ya fita magariba, minti uku sun ishe ni. Gobe ƙwallo ya tashi, a ce maganaɗisu ya farfaɗo, Baba ya huce, Umma ta lallaba shi, Dogo ya dawo. Sai dai Dogo zai dawo ne ya zauna da matar da ya ga ta sayar da shi a gaban idonsa, kuma duk kwana biyu zan ci gaba da rarrafe a ƙarƙashin teburi har ranar da ɗayanmu ya bar duniya, ni ko Baba. Na san haka, kuma wallahi na zaro batir ɗin daga jaka.

Baba bai jira magariba ba.

"Uwata."

Na cusa su ƙarƙashin filo na tafi. Na same shi a ɗakin baya ya naɗe hannun riga, ya kwance maganaɗisun duka ya jera su a kan tabarma, kowanne da lambarsa da ya rubuta da fensir. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ba irin zaman falon nan ya yi ba. Idonsa a buɗe yake, ya riga ya yanke shawara.

"Abin da ya yi tafiya sau ɗaya zai sake yi," in ji shi. "Daga tushe zan faro. Zan kifa teburin in duba kowane noti ta ƙasa, wataƙila wani ya saki. Hannuna ba zai iya shi kaɗai ba."

"Baba, ka bari sai gobe mana, ka gaji."

"Gobe ma tana da nata aikin. Kama min wancan gefen. Duk gidan nan hannunki kaɗai na yarda ya taɓa shi."

Na zagaya. Na sa hannu biyu a ƙarƙashin katakon. Na buɗe baki in ce Baba zauna, akwai magana, sai ya riga ni. Ya yi bismillah, muka ɗaga. Teburin ya karkata, ƙasansa ya juyo wajen taga, wajen haske, wajen Baba.

Ya tsaya. Ya gyara tabarau da bayan hannu, ya matso da fuskarsa kusa, kamar yadda yake yi wa agogo.

"Uwata," ya ce, "ni ban sa katako a nan ba."